Sharhi a kan tsarin gane nau'in abu na injin Unreal

Duk wanda ya saba da wasannin harbi na kwamfuta ya san cewa harsashin da ya bugi ƙarfe yakan fitar da tartsatsi da ƙara mai kaifi, wanda ya sauka a kan katako ya watsa ɓarɓashi, wanda ya shiga ƙasa kuma ya tayar da ƙura. Kafin wasa ya nuna wannan bambanci, dole ne injin da aka gina shi a kai, wato manhajar haɗa wasanni, ya gane abin da harsashin ya taɓa. Injin Unreal na kamfanin Epic Games, wanda fitowarsa ta 5 ta shiga hannun jama'a a watan Afrilun 2022, yana da tsari na musamman domin wannan aiki. A ganina tsarin ingantacce ne, sai dai idan an saita shi ba daidai ba yakan yi gum da bakinsa, ya bar mai aiki yana lalube.

Mai haɗa wasa yakan fara ne da shiga saitunan aikinsa, inda aka ba shi gurabe 62 da zai rubuta sunayen nau'o'in abubuwa, kamar ƙarfe, siminti, gilashi, ruwa ko naman jiki. Daga nan sai ya ƙirƙiri abin da injin ke kira Physical Material, wato wani ɗan fayil mai ɗauke da bayanin santsin abu da yadda yake dawo da abin da ya buge shi, tare da nau'in da aka zaɓa masa, sannan ya liƙa shi a jikin fentin da ke lulluɓe da bango ko ƙofa. Idan an harba bindiga, wasan yakan ja wani layi da ido ba ya gani daga bakin bindigar zuwa inda harsashin zai tsaya, sakamakon da ya dawo kuwa yana ɗauke da nau'in abin, don haka sai a zaɓi sauti da tabo da tartsatsin Niagara (sashen injin mai zana tartsatsi da hayaƙi) da suka dace. Abin da ya fi burge ni shi ne bango ɗari masu kamanni daban-daban za su iya amfani da fayil ɗaya na siminti, kuma wannan bayani ne dai zai yi aiki wajen sautin takun ƙafa.

A Unity, wani injin haɗa wasanni na daban, irin wannan fayil santsi da tsalle kawai yake riƙewa, shi ya sa masu aiki da shi kan koma ga laƙaba wa abubuwa suna, ko su rubuta nasu tsarin, ko su saya a kasuwar injin. Dabarar ba Epic ce ta fara ta ba, domin injin Source na kamfanin Valve yana da makamancinta tun 2004, amma samunta a shirye babban sauƙi ne.

Matsalar tana wajen saiti. Wanda ke rubutu da harshen shirya manhaja na C++ dole ne ya kunna wani zaɓi mai suna bReturnPhysicalMaterial da kansa, in ba haka ba layin zai dawo babu bayanin abin da ya taɓa. Idan kuma harsashin abu ne mai tafiya a sarari maimakon layi, akwai wani zaɓi daban mai suna Return Material on Move da ke buƙatar a kunna shi. Sannan abu kamar mota, mai ƙarfe da gilashi da roba a jiki ɗaya, ba zai bambanta sassansa ba sai an umurci layin ya bi ainihin siffar motar dalla-dalla maimakon akwatin da aka kewaye ta da shi domin sauƙin lissafi, kuma hakan yana ƙara wa kwamfuta nauyi. A duk waɗannan wurare injin ba ya yin gargaɗi. Ko dai ya dawo da nau'in gama-gari da injin ya zo da shi ko ya dawo fayau, sai mutum ya ga gilashi yana fitar da ƙurar siminti ba tare da sanin dalili ba. Saƙon gargaɗi guda ɗaya da ya isa ya magance rabin wannan wahala.

Filin ƙasa ya fi sauƙi, domin kowane shimfiɗi na ciyawa ko yashi ko laka yana iya ɗaukar nau'insa. Jikin mutum kuma ana raba shi gaɓa-gaɓa, ta yadda harbin kai zai bambanta da na sulke. Game da kuɗi, tsarin yana cikin injin kyauta, kuma Epic ba ta karɓar kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shiga sai wasa ya samar da fiye da dala miliyan 1. Ina ba ƙananan ƙungiyoyi shawarar su yi amfani da shi, da sharaɗin su tsara jerin nau'o'insu tun farkon aiki, domin sauya matsayin gurabe bayan an liƙa su a ɗaruruwan abubuwa yakan rikita sautuka da tabo gaba ɗaya.