Gargaɗi ga masu neman tsofaffin fayafayan jaz: a yi hattara da mai "kayan sito"

Jama'a, akwai wani mutum da ke yawo a zaurukan Facebook da WhatsApp na masu tara tsofaffin fayafayan garmaho, yana tallar faifan Sonny Clark mai suna Cool Struttin', wai bugun farko na 1958, tare da wasu na Randy Weston. Kada kowa ya tura masa ko sisi. Ba zan kama suna ba, domin sunan da yake amfani da shi a wannan watan ba shi ne na watan jiya ba, kuma ba mamaki sunan da hoton na wani bawan Allah ne da bai ji ba bai gani ba. Lambar waya ma sauyawa take yi. Labarinsa ne kawai ba ya sauyawa, shi ya sa zan ba ku shi yadda yake ba da shi.

Yakan fara da saƙo ta bayan fage, cikin ladabi, da "ranka ya daɗe" da "Alhaji". Ya ce mahaifinsa tsohon ma'aikacin gidan rediyo ne, ya rasu ya bar akwatuna a sito, magada kuma suna so a sayar a raba gado kafin wata ya ƙare. Shi bai san kan waɗannan kaya ba, in ji shi, ya dai ji an ce kai kana so. Sai hotuna su biyo baya, masu kyau ƙwarai: bangon gaba da ƙafafun matar nan tana tafe a bakin titi, bangon baya, takardar tsakiyar faifan mai shuɗi da fari. Kuɗin da yake nema bai kai ko kusa da abin da ake sayar da irinsa a waje ba, amma kuma bai yi arahar da za ta sa ka yi dariya ka wuce ba. Ya iya tsaida farashi daidai inda zuciya za ta fara ce maka ai wannan rabo ne.

Ga wanda bai san dalilin da ya sa ake rububin wannan faifai ba: Sonny Clark makaɗin fiyano ne ɗan Amurka, an haife shi a 1931, ya rasu a Janairun 1963 yana da shekara 31. An ɗauki Cool Struttin' a ranar 5 ga Janairu 1958 a ɗakin ɗaukar sauti na injiniya Rudy Van Gelder da ke Hackensack a jihar New Jersey, wanda a lokacin falon gidan iyayensa ne. Art Farmer da Jackie McLean ne suka yi busa, Paul Chambers da Philly Joe Jones suka riƙe ƙasan kiɗan. Kamfanin Blue Note ya fitar da shi da lamba 1588. Bai yi wani tashe a Amurka ba a lokacin, amma Japanawa suka rungume shi a gidajen shayinsu na sauraron jaz, har ya zama abin da kowane mai tarawa ke mafarki. Bugun farko mai lafiya dubban daloli ake sayar da shi a gwanjon intanet. To mutumin da ya iya nemo ka a Facebook, ya san kana son Sonny Clark, shi ne za a ce bai iya duba farashi ba?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ya haddace alamomin da mu kanmu muke dogara da su. A da, idan mai sayarwa ya ambaci "kunne" sai ka ji hankalinka ya kwanta, ka ce wannan ɗan gida ne. Yanzu kowa ya karanta. Duk da ya ce bai san kan kayan ba, da ka ɗan matsa masa sai ya zayyano maka su tiryan-tiryan, wai wani ne ya duba masa.

Bari in faɗe su don sababbin shiga. Tsakanin inda zanen kiɗa ya ƙare da takardar tsakiya akwai ɗan fili mai santsi. A nan ake duba hatimin RVG, wato shaidar cewa Van Gelder ne ya yanka uwar faifan. A nan kuma ake neman wata 'yar alama mai kama da kunnen mutum, wadda a gaskiya harafin P ne a lanƙwashe, na masana'antar Plastylite da ke buga wa Blue Note fayafai. Bayan kamfanin Liberty ya saye Blue Note, daga 1966 wannan alama ta ɓace. A kan takardar tsakiya, bugun farko na wannan faifai yana ɗauke da adireshin 47 West 63rd, babu "Inc." a bayan sunan kamfani, babu kuma ɗan harafin R ɗin nan na cikin da'ira. Sai wani zobe mai zurfi da ya zagaye takardar, wanda za ka ji shi da farce. Kowace ɗaya ita kaɗai ba hujja ba ce. Blue Note sun ci gaba da liƙa ragowar tsofaffin takardu a kan bugun baya har suka ƙare, shi ya sa adireshi kan yi ƙarya. Wasu sababbin bugu kuma sun kwaikwayi zoben da gangan, ba don zamba ba, don su yi kama da na da. Sai sun haɗu duka a faifai ɗaya ake magana.

A hotunan wannan mutum duk sun haɗu, kuma nan ne tarkon yake. Faifan da ke cikin hoton na gaske ne. Yana nan a duniya, a hannun wani, ko an riga an sayar da shi shekarun baya. Hoton bai nuna cewa yana hannun mai turo maka shi ba. Da na sa hoton bangon baya a Google Lens, manhajar nan mai nemo asalin hoto a intanet, sai ga shi ya fito a wani tsohon gwanjo na ƙasar waje, da lanƙwasar kusurwa iri ɗaya da ɗan tabon ruwa iri ɗaya a ƙasan hagu. Ko ba wannan ma, ku ƙura wa gefen hotunan ido. A ɗaya daga ciki an jingina faifan a kan daɓen katako mai sheƙi, a bayansa ga ƙarfen ɗumama ɗaki a jikin bango. Wane sito ne a ƙasar nan ake ɗumamawa? Kuma duk wanda ya taɓa buɗe akwatin da ya shekara hamsin a ɗakin ajiya a nan ya san yadda kwali ke fitowa: gara ta yi masa zane, damina ta bar masa fumfuna, ƙura ta shige har cikin rigar faifan. Nasa fes suke, ko ƙwarzane babu.

Ga Randy Weston kuwa, a nan mazambacin ya yi tuntuɓe da bakinsa. Ya san 'yan Najeriya na da rauni a kan Weston, kuma da dalili. Weston makaɗin fiyano ne, mutumin Brooklyn a Amurka, an haife shi a 1926, ya rasu a 2018, kuma duk rayuwarsa yana cewa tushen kiɗansa Afirka ne. Ya ɗauki faifansa mai suna Uhuru Afrika a 1960, shekarar da ƙasashenmu da yawa suka sami 'yanci. Ya zo Legas a 1961 cikin tawagar masu fasaha daga Amurka, ya sake dawowa a 1963, daga baya ya koma Maroko da zama, har ya buɗe gidan kiɗa a Tanja. Duk wannan gaskiya ne, kuma mazambacin yana zuba maka shi don ka saki jiki. Sannan ya turo hoton faifan Weston mai suna Highlife da rubutun biro a bango, wai Weston ne ya sa wa mahaifinsa hannu a Legas, ga kuma shekara a rubuce ɓaro-ɓaro: 1961. Highlife kuwa a 1963 aka ɗauke shi, a New York, kamfanin Colpix ya fitar, Melba Liston ta tsara kiɗan. Babu yadda za a yi mutum ya sa hannu a kan faifan da sai bayan shekara biyu za a yi shi.

Wani daga cikinmu ya gwada shi ta wata hanyar. Ya tambaye shi ko a cikin akwatin akwai faifan wasan da Sonny Clark ya yi a 1965. Ba a jima ba amsa ta zo: akwai, Alhaji, har guda biyu. Mutumin da aka binne tun 1963.

Idan ka nuna sha'awa, ga yadda sauran ke tafiya. Zai ce ka ba da kafin alƙalami don ya ajiye maka, saboda wai wani Bature a Abuja na ta kiransa. Sunan da ke kan asusun ba zai zo daidai da nasa ba, zai ce na ƙaninsa ne ko na matarsa, nasa banki ya rufe. Idan ka nemi kiran bidiyo, sabis ya lalace a ƙauyensu, ko kyamarar wayar ta fashe, ko makullin sito na hannun yayansu da ya yi tafiya. Da ka tura, sai kuɗin kwali da soso, saboda kada zafin but ɗin mota ya lanƙwasa faifan (wannan kam gaskiya ya faɗa, zafi na lanƙwasa faifai, shi ya sa maganar ke shiga). Sai kuɗin direba, har da lambar wani wanda zai ɗaga ya ce eh, kaya na tasha, amma ba a biya ba. Ga 'yan uwanmu da ke zaune a Turai da Amurka kuma, sai ya ce a biya ta PayPal a matsayin kyauta ga dangi ko aboki, don wai a kauce wa caji. Wannan hanyar ba ta da kariyar mai saye, kuma ya sani. Ranar da ka ce ba za ka ƙara ba sai ka ga kaya, ranar zai toshe ka.

Akwai wasu kuma da ba su kai shi rashin kunya ba, amma zambar ɗaya ce. Su za su aiko maka da faifai da gaske, sai dai bugun baya ne da kuɗin bugun farko. Mafi yawa na Japan ne, na kamfanin King ko Toshiba, an cire 'yar takardar nan mai rubutun Japananci da ke ɗaure a gefen bango, an zare takardar ciki, wani lokacin a goga wa kwalin ruwan shayi don ya yi ja. Ku duba ƙananan rubutun da ke can ƙasan bangon baya da bakin takardar tsakiya, a nan ake rubuta ƙasar da aka buga. Idan kun ga an kankare wurin ko an liƙa sitika a kai, to akwai magana. Idan kuma akwai layukan nan na farashi da ake haskawa a kanti, ba sai an yi musu ba, a 1958 babu su. Ni ba na raina bugun Japan, ina da su, sautinsu ya fi na tsofaffin asali da yawa da allura ta cinye. Wanda kiɗan yake so ya ji, ya sayi bugun baya da sunansa na bugun baya, ya huta. Laifin yana wurin mai sayar da shi da sunan da ba nasa ba.

Wata magana a gefe, tunda labarin gidan rediyo yake amfani da shi. A ce ma gaskiya ne, a ce fayafayan na ɗauke da hatimin ɗakin ajiyar wani gidan rediyon gwamnati. To wannan kayan jama'a ne da wani ya kwashe ya kai gida, ba gado ba ne. Mun yi asarar ɗakunan ajiya da yawa ta haka, har da fayafayan makaɗanmu na gida da ba a da kwafinsu a ko'ina. Bai kamata son Blue Note ya sa mu zama kasuwar irin wannan ba.

Abin da nake nema daga kowane mai sayarwa da ban sani ba guda ɗaya ne, kuma mai gaskiya ba ya jin nauyinsa. Ya rubuta sunana da kwanan ranar a takarda da hannu, ya ajiye kusa da faifan, ya ɗauki bidiyo ba yankewa: ya zaro faifan daga kwali, ya karkata shi ga hasken taga har in ga rubutun da ke cikin filin nan mai santsi, ya juya ɗaya fuskar. Lambobin da na gani sai in kai Discogs, shafin intanet na bayanan fayafayai, in gwada da na bugun da yake iƙirari, domin a can kowane bugu da shafinsa. In duba Popsike, shafin da ke ajiye farashin gwanjon fayafayai, in ga nawa aka saye irinsa a baya. Idan cikin ƙasar nan yake, ba na biya sai wani nawa ya je ya riƙe kayan da hannunsa, ko da kuwa zan biya masa kuɗin mota. Wannan mutumin an nemi ya yi bidiyon, sai ya yi fushi, ya ce an mai da shi ɓarawo alhali yana cikin makokin mahaifinsa, ya fita daga zauren. Bayan ɗan lokaci ya dawo da sabon suna, mahaifin kuma ya koma malamin jami'a.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya je bankinsa a ranar, ba washegari ba, ya shigar da ƙorafi a rubuce, domin irin waɗannan asusun ba sa kwana da kuɗi. Ya ɗauki hoton duk hirar kafin a goge, da rasit ɗin tura kuɗi, da lambobin wayar har da ta "direban", ya kai wa 'yan sanda ko EFCC. Ya kuma sanar da masu kula da zauren da suka haɗu don a cire shi. Idan daga baya wani ya bugo ya ce shi jami'i ne, zai ƙwato maka kuɗinka in ka ba da na man mota, kashe wayar, ka haɗa lambarsa cikin waɗanda za ka kai.