Shekara biyu da wayar Thuraya a hanyar Dirku

Ni direba ne, kaya da fasinja nake ɗauka daga Agadas zuwa Dirku, wani lokaci har Bilma. Duk wanda ya san hamadar Tenere ya san da zarar ka bar gari rezo ya yi maka sallama, wayarka ta koma agogo da tocila. Shi ya sa na sayi Thuraya XT-LITE, waya mai aiki da tauraron ɗan'adam, bayan maigidana ya daɗe yana yi mini faɗa.

Ba ta da kyan gani. Maɓallai ne irin na da, ƙaramin allo, sai eriya mai kauri da ake zarowa. Kira da saƙon tes kawai take yi, babu WhatsApp babu hoto. Kamfanin na Hadaddiyar Daular Larabawa ne, lambarsu kuma tana farawa da +88216, wadda har yau uwargida ba ta iya riƙewa da ka ba, a bangon ɗaki ta rubuta ta da gawayi.

Tauraron da wayar ke magana da shi yana tsaye wuri ɗaya a sama, nisan kusan kilomita 36,000, ta wajen gabas. Saboda haka sai ka fito fili, ka zaro eriya, ka juya gabas kamar mai shirin tada salla, ka ɗan jira ta kama. A cikin ɗaki ko ƙarƙashin rumfar kwano kada ma ka wahalar da kanka. Muryar kuma takan yi ɗan jinkiri, ka yi magana shi ma ya yi, ku haɗu a tsakiya. Da sabo ake koyon yin shiru bayan kowace jimla.

Ranar da ta biya kuɗinta, mun wuce rijiyar Espoir ke nan famfon mai ya mutu. Mu goma sha huɗu, har da wata mai goyo. Ayarin da muka taso tare ya riga ya yi gaba, iska kuma ta share sawun taya. Na leƙa jarkoki, na yi lissafi a raina, ban gaya wa kowa ba. Na hau kan tudun yashi na kira maigida.

"Alhaji, mun tsaya."

"A ina?"

To a ina zan ce? Yashi ne gaba, yashi ne baya. A nan na ga amfaninta na gaske: tana da GPS, ta fito mini da lambobin wurin, na tura masa ta tes. Shi ya nemo wani direba a Dirku, ya karanta masa su. Washegari da hantsi muka hango ƙura. Yaron motata, wanda ya kwana yana cika baki wai shi ba ya tsoro, sai ga shi ya durƙusa yana share hawaye da rawani. A Oktoban 2013 mutum 92 ƙishirwa ta kashe a arewacin Arlit bayan motocinsu sun lalace, yawancinsu mata da yara. Wannan labarin ne ya kwana a kaina daren nan.

Amma fa wayar ba ta turo ceto. Wanda ka kira shi ne ceton. In ba ka da mutum a gari mai ɗaga waya da tsakar dare, mai mota da mai a tanki, ƙarfe kawai ka riƙe.

Kati yana da tsada, kuma yana da wa'adi, don haka na hana fasinja gaisuwa da ita. Kamfanin ya ce batir na kai awa 80 a kunne ba a kira. Nawa na farko bai kai rabi ba, ashe mai shagon tsohon batir ya saka mini a sabon kwali. Da na sake wani a wurin wani dillalin, ya yi daidai. Sannan ka riƙa yawo da rasit, domin a shingen bincike akan tambayi dalilin riƙe ta. Tun a 2013 sojojin Najeriya suka taɓa hana amfani da ita a Borno, zargin bai gama barin ta ba.

Tawa tana cikin safa, cikin gwangwanin madara, ƙarƙashin kujerata. Duk daren Lahadi nakan yi mata caji, in gwada kiran Alhaji sau ɗaya kafin mu tashi.