Shagon turi a Farm Centre da ya san kan fina-finan mai wuƙa

Masu turin fina-finai a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano suna da yawa, kuma kusan kayansu ɗaya: Indiya mai fassara, na Koriya masu dogon zango, sai namu na Kannywood. In kika ce kina son na ban tsoro, sai a cika miki memori da duk abin da hannu ya kai, aljanu da fatalwa da gawa mai tashi, duk a cakuɗe. Ni kuwa ba waɗannan nake nema ba. Abin da nake so shi ne fina-finan Amurka na mutumin nan mai rufe fuska da ke bin samari da 'yan mata ɗaya bayan ɗaya da wuƙa, kuma shago ɗaya na samu da ya ware su daban.

Shagon ɗan ƙarami ne, kwamfuta biyu da benci guda, sai wayoyin caji a rataye. Saurayin da ke kula da shi ya jera waɗannan fina-finan bisa shekarun fitowarsu, tun daga Black Christmas na 1974 da aka yi a Kanada har zuwa na baya-bayan nan. Da na ce ya tura mini Scream, sai ya ce, "Anti, kada ki fara da shi. Ki kalli Halloween na 1978, ki bi da Friday the 13th na farko, sannan ki dawo. In ba haka ba rabin daɗinsa zai wuce ki." Wannan shawarar ta fi mini kuɗin turin daraja, don gaskiya ya faɗa.

Halloween ne ya kafa tsarin da sauran suka bi. John Carpenter ya yi shi da kuɗin da bai wuce dala dubu ɗari uku da 'yan kai ba, shi ya tsara kiɗan da kansa, fuskar mai kisan, Michael Myers, kuwa ta roba ce da aka sayo a kanti aka fesa mata farin fenti. Jini kaɗan ne a cikinsa, abin da ke ba mutane mamaki ke nan. Wurin da ya fi tayar mini da tsikar jiki da rana tsaka ne. Laurie, wadda Jamie Lee Curtis ta fito a matsayinta, ta leƙa ta tagar ɗakinta, sai ga mutum tsaye tsakanin zannuwan gado da aka shanya a igiya, iska tana kaɗa su, shi ko motsi ba ya yi. Kafin ta ankara ya ɓace. Bai taɓa kowa ba a lokacin, amma daga nan ba ki ƙara yarda da kowane lungu na unguwar.

A nan daɗin irin waɗannan fina-finai yake a wurina. Abin tsoron mutum ne, makaminsa wuƙar kicin, wurin kuma unguwa ce lafiyayya, ko makaranta, ko sansanin hutun yara a bakin tafki irin na Friday the 13th na 1980. Manya ba sa nan, in ma suna nan ba sa yarda da abin da yaran ke faɗa. Kuma kin san abin da zai faru: wuta za ta ɗauke, waya za ta mutu, mota za ta ƙi tashi, wani zai ce a rabu a duba gidan. Sanin nan ba ya rage komai, shi ne ma yake sa ki shiga cikin fim ɗin. Ni da ƙannena mata muke kallo, kuma ba a minti biyar ba a ji wata ta ce "kar ki buɗe ƙofar nan!" ba. Kallo ne na taro, kamar kallon ƙwallo, kowa da wanda yake goyon baya.

Sai yarinyar da ke saura a ƙarshe. Wata malamar jami'a a Amurka, Carol J. Clover, ta yi nazari a kanta a littafin da ta fitar a 1992, kuma tun daga nan ake ta muhawara. Wasu sun ce fina-finan wa'azi ne a fakaice: masu shaye-shaye da masu sheƙe aya su ake fara yankawa, mai kamun kai ita ke tsira. Carpenter da kansa ya musanta cewa nufinsa ke nan. Ni abin da na gani shi ne yarinyar tana lura. Ƙawayenta hankalinsu na kan samari, ita kuwa ta ga motar da ke bin su, ta ga inuwar bayan shinge. Da abin ya zo, Laurie da allurar saƙa ta kare kanta, da ta maƙale a cikin durowar kaya kuma ta miƙar da wayar rataye riga ta soke masa ido, alhali ga yara biyu da take raino tana ƙoƙarin fitar da su. Ina son ƙannena su ga mace a tsorace, jiki na rawa, amma kanta yana aiki.

Da na dawo na karɓi Scream na 1996 sai na gane manufar saurayin. Wes Craven ne ya ba da umarni, shi ne dai wanda ya ƙirƙiro Freddy Krueger, mai kisan A Nightmare on Elm Street na 1984, Kevin Williamson kuma ya rubuta. Yaran cikin fim ɗin sun kalli duk waɗancan fina-finai, har ɗayansu yana tsayawa gaban talabijin yana lissafa wa abokansa dokokin tsira, ciki har da kada ka kuskura ka ce yanzu zan dawo. Tun a farko ma, mai kisan ya kira yarinyar da Drew Barrymore ta fito a matsayinta a waya ya tambaye ta wa ya yi kisa a Friday the 13th. Amsar da ta bayar ita ce wadda kusan kowa zai bayar, kuma kuskure ce. Wanda bai kalli na 1980 ba, nan take za a tona masa ƙarshensa.

To amma shagon yana da nasa aibu. Wasu daga cikin tsofaffin fina-finan sautinsu ya lalace, magana ƙasa-ƙasa, kiɗa kuma ya zo ya tsaga kunne. A irin wannan fim sauti shi ne rabin aikin, Halloween ba tare da kiɗan fiyanon nan a sarari ba ya zama wani abu daban. Wasu kuma babu rubutun magana a ƙasa, ga Turancin samarin Amurka da sauri. Jerin Friday the 13th na baya-baya sun cika wuri a banza, yawancinsu maimaici ne, sai dai wanda yake son ganin inda Jason, mai kisan da aka fi sani a jerin, ya fara sa abin rufe fuska na 'yan wasan hoki, wato kashi na uku na 1982.

Abin da ya fi damuna shi ne saurayin ba ya gargaɗi. Da yawa daga fina-finan shekarun 1980 akwai tsiraici a ciki, kuma a Amurkan ma ba a barin ƙananan yara su shiga kallonsu su kaɗai. Na ga ya tura wa wani yaro da bai wuce firamare ba, ko tambaya bai yi masa ba. Na yi masa magana, ya ce, "In sha Allahu zan kiyaye, Anti." Ni dai nakan fara kallon kowane fim ni kaɗai kafin in zauna da ƙannena.

Kuɗin turinsa daidai yake da na maƙwabtansa, kuma yana rage wa wanda ya ɗauki da yawa. In za ki je, ki tafi da safe kafin kasuwa ta cika, ki riƙe filashi maimakon ki miƙa wayarki, ki kuma sa abin kunne ki saurari minti biyu na kowane fim kafin ki biya. In sautin bai yi ba ki faɗa masa, yakan nemo wani kwafin ya musanya ba tare da ƙarin kuɗi ba.