Yadda Yuro 112 suka koma 58: abin da na gani a myAccount na hukumar harajin Ailan

Ranar da aka turo mini takardar albashi ta farko daga aikin Asabar, a tashar bas nake, sai da na yi salati a fili. Awa takwas na yi a tsaye ina wanke tukwane da farantai a kicin ɗin wani otal a Dablin, kan Yuro 14 kowace awa. Ko ɗan firamare ya san 112 ke nan. Abin da ya shiga asusuna 58.24 ne. An cire 44.80 na haraji, an cire 8.96 na USC, wani harajin daban da ake cirewa daga albashi. Kusan rabi ya tafi tun hannuna bai bushe daga ruwan omo ba.

Farkon watan Maris na 2025 ke nan. Ina da aikina na ainihi, Litinin zuwa Juma'a a wani sito, awa 39 a mako kan Yuro 15, wato 585. Na ƙara na Asabar ne don kuɗin makarantar ƙannena biyu a Zariya. Da na nuna wa wani abokin aiki takardar, cewa ya yi ai haka dokar ƙasar take, aiki na biyu kashi 40 ake cire masa, shi ya sa shi ba ya wahalar da kansa. Na yarda da shi har mako shida. Maganar nan ta yaɗu a tsakaninmu baƙi kamar karatun allo, kuma ba gaskiya ba ce.

Wadda ta warware mini ita ce Yayata, 'yar wan babana, ma'aikaciyar jinya ce da ta girme ni a ƙasar nan da shekaru masu yawa. Na kira ta ina ƙorafi, ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ƙanena, ka taɓa buɗe myAccount ɗinka kuwa tun ranar da ka yi rajista?" Na ce a'a, Yaya. Ta ce, "To kaza ce kai, ka kwana kan dami."

myAccount shafin intanet ne na Revenue, hukumar tara haraji ta Ailan, kuma kyauta ne. Da lambar PPS (lambar shaidar mutum wajen haraji da ayyukan gwamnati) da ranar haihuwa da kalmar sirri ake shiga, ko kuma ta MyGovID, asusun shiga ayyukan gwamnati a intanet, ga wanda ya tantance nasa. Ni ta MyGovID na bi, a waya, ina kwance a ɗaki. Abu na farko da ya burge ni shi ne duk ayyukana biyu suna nan a jere, da kowane albashi da aka biya ni da abin da aka cire, mako bayan mako. Tun 1 ga Janairun 2019 aka wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su riƙa kai wa Revenue rahoto duk lokacin da suka biya albashi, shi ya sa tsofaffin takardun P45 (ta barin aiki) da P60 (ta ƙarshen shekara) suka kau. Shekara huɗu na yi ina koyarwa a gida kafin na taho, ana cire mini haraji kowane wata, ban taɓa ganin inda aka rubuta shi da sunana ba. Nan kuwa ga shi a tafin hannu, har da sulalla.

Abin da Yaya ta fahimtar da ni, wanda shafin da kansa ba zai zaunar da kai ya koya maka ba, shi ne abubuwa biyu ne gwamnati ke ba kowane ma'aikaci a shekara, kuma ba ɗaya ba ne. Akwai geji: a 2025, marar aure yana biyan kashi 20 ne kan Yuro 44,000 na farko da ya samu, abin da ya haura nan ne kaɗai ake cire wa kashi 40. Sai kuma rangwame, wanda ake debewa daga harajin bayan an lissafa shi: 2,000 na ƙashin kai, 2,000 na ma'aikacin albashi, jimla 4,000. Mutum ake ba su, ba aiki ba. Ko aiki uku kake yi, geji ɗaya gare ka, rangwame ɗaya. Ni kuma duka biyun suna jingine a aikin sito, domin shi na fara. Da otal ya nemi umarnin cire haraji daga Revenue, wanda suke kira RPN, sai ya tarar babu geji babu rangwame a ɓangarensa. Mai lissafin albashi ba shi da zaɓi, abin da RPN ya ce shi zai yi: kashi 40 daga Yuro na farko, USC kuma a matakinsa na ƙoli, kashi 8.

Alhali albashin sito a shekara 30,420 ne. Gejin 13,580 na zaune a can ba mai taɓa shi. Na Asabar kuma ko ban yi fashi ko sau ɗaya ba, 5,824 ne. Haɗa su biyu ba su kai 44,000 ba. Ko sisi nawa bai cancanci kashi 40 ba.

A nan ne na kusa tafka shirme, kuma nan ne nake ganin shafin ya gaza. A sashen PAYE, wato na harajin da ake cirewa daga albashi, akwai wurin sarrafa harajin shekarar da ake ciki, inda ake nuna yadda aka raba geji da rangwame tsakanin ayyukanka, da damar ka canza. Akwatuna ne kawai, ka rubuta adadi. Ni da na ga 4,000 a ƙarƙashin sito, sifili a ƙarƙashin otal, sai zuciyata ta ce adalci shi ne a raba biyu. Har na rubuta 2,000 da 2,000. Yaya tana kan waya, ta ce in dakata in ɗauko biro.

Lissafin da ta sa ni na yi a bayan ambulan ɗin kuɗin wuta ke nan. Rangwamen 4,000 a mako 76.92 ne. Harajin sito kashi 20 na 585, wato 117. A debe 76.92, saura 40.08. Ma'ana sito yana cinye rangwamen kaf, ba ya barin komai. Idan na kai rabinsa otal, harajin Asabar zai faɗo daga 44.80 zuwa 6.34, in yi ta murna, ranar Juma'a kuma harajin sito ya hau da 38.46 daidai. Na cire daga aljihun dama na sa a na hagu, kashi 40 ɗin yana nan daram. Ta ce, "Bar rangwame inda ake cin sa. Geji za ka ɗebo, shi ne yake kwance."

Na mayar da rangwamen yadda yake. Na ɗebi 7,000 daga geji na ba otal, na bar 37,000 a sito saboda lokutan da ake ba mu ƙarin awoyi gab da Kirsimeti. USC ma yana da nasa matakan, kuma su ma ana raba su a wuri guda. A 2025 rabin kashi ɗaya ne kan 12,012 na farko, kashi 2 har zuwa 27,382, kashi 3 har zuwa 70,044. Albashin sito ya riga ya cinye matakai biyu na ƙasa, don haka na Asabar a kashi 3 ya kamata ya zauna. Na ware masa wani yanki na wannan matakin. Duka aikin bai kai minti goma ba. Bayan kwana biyu na ga sabuwar takardar shaidar rangwame a cikin akwatin takarduna na shafin, da sabon rabon.

Mako na bakwai ya zo, 58.24 ta sake shigowa. Na yi zaton na ɓata wani abu. Ashe masu lissafin albashin otal ɗin ne suka rufe na makon ba tare da sun janyo sabon RPN ba. Sai da na je ofishinsu da wayata a hannu na nuna wa matar da ke wurin ranar da aka fitar da shi. Ba ta ba da haƙuri ba, amma a mako na takwas 282.24 ta faɗo: 86.24 na ranar, da 196 na makonni bakwai da aka yi ana cire mini Yuro 28 fiye da ƙima. Domin lissafin tarawa ake yi tun daga Janairu, kuɗin ta cikin albashi suka dawo, ban cika wata takarda ba. PRSI, wato kuɗin inshorar ma'aikata na gwamnati, dama ba su taɓa ni a otal ba, tunda albashin wurin bai haura 352 a mako ba.

Kada wani ya rikita wannan da harajin gaggawa. Shi wancan yana zuwa ne idan wanda ya ɗauke ka aiki bai samu RPN ba sam, galibi ga wanda bai yi rajistar aikinsa na farko ba ko bai ba da lambar PPS ba. Nawa RPN ɗin yana nan, fanko ne kawai.

Da Janairu ya zagayo na ga ɗaya amfanin shafin. Ana ɗora bayanin wucin gadi na ƙarshen shekara, wanda ke nuna ko ka biya fiye ko ƙasa da abin da ke kanka, sai ka cika takardar harajin shekara a nan take. Na sa rangwamen haya, wanda ya kai har 1,000 ga mutum ɗaya a 2025, na sa rasit biyu na likita da na magani, waɗanda ake mayar da kashi 20 nasu. Tambayoyin hayar suna da ɗan yawa, sai da na nemo yarjejeniyar gidan don bayanan mai gida. Bayan 'yan kwanaki takardar ƙarshe ta fito, kuɗin suka shiga banki. Ana iya komawa baya shekara huɗu, ba fiye ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne tuna cewa a 2023 wani kamfanin karɓo wa mutane haraji na miƙa wa wannan aikin, suka yanki kasonsu mai tsoka kan abin da yanzu na yi da babban yatsa ina shan shayi.

Hukuncina a kan myAccount: wajen nuna gaskiyar lamba da saurin aiwatar da canji, ban ga abin kushewa ba. Wajen koyarwa kuwa, kurma ne. Yana ganin gejin 13,580 a kwance a gefe ɗaya, yana ganin ana cire kashi 40 a ɗaya gefen, ni dai bai ce mini uffan ba. Turancinsa na 'yan haraji ne, ba na kasuwa ba, kuma duk adadin da ka zuba a akwati zai karɓa matuƙar jimlar ta daidaita, ko da rabon bai amfane ka ba. Wanda ba shi da Yaya irin tawa zai iya raba rangwame biyu ya tafi yana ganin ya yi dabara. Kuɗinsa ba za su ɓata ba, za su dawo idan ya cika takardar ƙarshen shekara, amma Yuro 28 a mako da ake buƙata a watan Afrilu ba daidai suke da wanda za a ba ka a Janairu ba, musamman idan makaranta a Zariya ta ce ranar Litinin ce rana ta ƙarshe.

Ga wanda albashinsa biyu suka haura 44,000 idan an haɗa, shafin ba zai yi masa sihiri ba. Abin da ya haura gejin, kashi 40 za a cire masa, duk yadda ya juya akwatunan. Masu aure kuma lissafinsu daban ne, domin suna iya raba wani ɓangare tsakaninsu. Kafin ma a kai ga haraji, a duba hatimin izinin zama a ƙasar: ni wanda ake kira Stamp 4 gare ni, shi ya ba ni damar aiki biyu, kuma na tsaya a awa 47 ne da gangan saboda dokar awa 48 a mako ta haɗa duka ayyukan.

Abokin nan nawa na sito, mai cewa doka ce, ya kama aikin Lahadi a wani kanti watan jiya. A lokacin hutun cin abinci ya miƙo mini wayarsa, shafin a buɗe, ya riga ya rubuta 2,000 da 2,000.