Unreal, Unity ko Godot: wanne za ka koya kafin neman aikin farko?

Duk mai son a ɗauke shi aikin rubuta wasannin bidiyo, sai ya fara zaɓen injin, wato manhajar da ake gina wasa a kanta, da zai zuba wa lokacinsa. Ukun da aka fi ambata su ne Unreal, Unity da Godot, kuma duka ana sauke su kyauta. Watanninka ne kuɗin, don haka kada ka zaɓa da ka.

Ni dai Unreal nake ba mutum shawara, kuma saboda C++ ne, yaren kwamfuta da ake rubuta wasa da shi a Unreal. Manyan kamfanoni, har waɗanda suka gina injinsu na gida, da wannan yaren suke aiki, a kansa kuma suke titsiye mai neman aiki ranar intabiyu. Za a tambaye ka yadda kake ware memori, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, da yadda kake sakinta. Za a ba ka lissafin bekta, wato na nisa da alkibla, misali ka nuna yadda maƙiyi a cikin wasa zai gane ko ɗan wasa yana gabansa ko bayansa. Wasan da ke nuna hoto 60 a daƙiƙa, kowane hoto milisakan 16 da ɗoriya ne rabonsa, a ciki za a gama lissafin motsi da karo da zane. Wanda ya sha fama da C++ ya san inda wannan lokacin ke zurarewa. Kamfanin Epic, mai Unreal, ya buɗe lambar injin, wato rubutun kodin da aka gina shi da shi, a shafin GitHub, kana iya shiga ka karanta yadda ƙwararru suka warware matsala. Bayan fitowar Unreal 5 a 2022, ɗakunan aiki da dama sun koma kansa. Kamfanin wasanni na CD Projekt ma a shekarar ya ce zai ajiye nasa injin ya yi sabon wasansa na Witcher da Unreal. Epic ba ta karɓar komai sai kuɗin da wasa ya samu ya haura dala miliyan 1, sannan ta ɗauki kashi 5 cikin 100.

Yana da wahalarsa, ba a ƙi ba. Yana son kwamfuta mai ƙarfi da katin hoto na kirki. Sannan akwai Blueprint, inda ake haɗa akwatuna da zare maimakon rubutu. Daɗinsa na sa mutum ya lafe a nan, alhali aikin kodin yake nema.

Unity ya fi sauƙin shiga da C#, kuma idan wasannin waya ka nufa, kamar Pokémon Go da aka gina da shi, ɗauke shi ba laifi. Sai dai ban manta 2023 ba, lokacin da kamfanin ya tashi tsaye zai caji masu ƙirƙirar wasa a kan kowane saukewa, sai da ya sha suka kafin ya soke tsarin a 2024. Godot kuwa mara nauyi ne, ba mai bin ka bashi, amma da wuya ka gan shi a tallar aiki.

Ko wanne ka ɗauka, abin da ake dubawa shi ne ƙaramin wasa da ka kammala, mai farko da ƙarshe, da lambarsa a Git, manhajar adana kodin. Global Game Jam, taron haɗa wasa cikin 'yan kwanaki da ake yi duk Janairu, wuri ne na samun irin wannan.

A nan ne 'yan damfara ke jira. Kwas ɗin da ya yi maka alkawarin aiki da zarar ka gama, ka tambaye shi sunayen wasannin da malamansa suka fitar, ka duba ko sunansu na cikin jerin ma'aikata. Yawancin abin da suke sayarwa, Epic da Unity sun koyar da shi kyauta a shafukansu, takardar shaidar kuma ba ta maye gurbin wasa.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne "zo mu yi, in an sayar a raba riba". Na taɓa rubuta wa wani irin wannan kusan rabin wasansa, ba yarjejeniya a rubuce, ya ɓace da lambar, ko nunawa a matsayin aikina ban iya ba. Yanzu tambayata ta farko ga kowa ita ce: wa ke da lambar idan aka watse?

Akwai kuma masu shigar burtu da sunan manyan kamfanoni. Su tuntuɓe ka a Discord ko Telegram, su yi maka intabiyu a rubuce ba tare da ka ga fuska ba, su ce ka yi nasara, sannan su nemi kuɗin kayan aiki. Kamfanin gaske ba ya karɓar kuɗi daga wanda zai ɗauka. Wasu ma fayil suke turowa da sunan jarrabawar kodin, kana kunna shi ya kwashe kalmomin sirrinka. Ka nemi tallar a shafin kamfanin da kanka, ka duba adireshin imel harafi-harafi, kuma kada ka kunna lambar baƙo a kwamfutar da kake ajiye aikinka.