Zenit-E ko Olympus Trip 35?

Tsofaffin kyamarori biyu na tsinta a kasuwar Katako nan Yamai, masu fim, dukkansu ba ruwansu da batir. Zenit-E ta Tarayyar Sobiyet ce, ƙarfe zalla, ka rataya ta zuwa bakin gulbi sai wuyanka ya gaji, amma haske da nisa duk da hannunka kake saitawa, kuma gilashinta Helios yana dusashe bayan hoto, fuskar ƙanwata ta fito tar, wallahi na ji daɗi sosai.

Olympus kuwa ƴar Japan ce tun 1967, ƙarama, haske da kanta take saitawa, nisa kawai ka zaɓa ka danna. In haske ya yi kaɗan jar alama ta fito, ta ƙi ɗauka. Ita zan ba ɗan koyo. Ni dai Zenit, ko da ƙurar hunturu tana shiga in na cire gilashin.