Sharhi kan hidimar wani ofishi a Kano mai shirya zagayen tsofaffin biranen Maroko ta jirgin ƙasa

Galibin ofisoshin shirya tafiye-tafiye da ke Kano aikinsu bai wuce Umara da Hajji da yankan tikitin Dubai ko Alƙahira ba, kuma ko an ambaci Maroko, abin da aka saba shi ne a kai masu ziyara Fas, su yi kwanakinsu kusa da zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, su juyo gida. Wani ofishi da ke yankin Zoo Road ya fito da tsari dabam, inda yake haɗa wa ƙaramin ayari zagayen Kasabalanka da Marrakesh da Rabat da Tanja da Miknas da Fas, duka ta jirgin ƙasa, tare da masauki da ɗan jagora a wasu biranen. Na bi wannan tsari tare da kawuna, dattijo mai fama da ciwon gwiwa, kuma ra'ayina shi ne ma'aikatan ofishin sun san layin dogo ciki da waje, amma saninsu ya tsaya a ƙofar tasha, alhali abin da ya kai mutum can yana cikin gari.

Aikin da ya fi cancantar yabo shi ne jeranta biranen. Wanda ya dubi taswira zai ɗauka ana iya yankewa kai tsaye daga Marrakesh zuwa Fas, amma layin dogon Maroko bai ratsa tsaunukan Atlas ba. Jirgi yana komawa ne ta Kasabalanka da Rabat da Kenitra da Miknas, tafiyar da ke cin fiye da sa'o'i 6 a zaune. Ofishin ya kauce wa wannan doguwar tafiya da dabara. Daga filin jirgin sama na Muhammadu na Biyar, wanda ke da tashar jirgin ƙasa a ƙarƙashin gininsa, muka shiga Kasabalanka, muka gangara kudu zuwa Marrakesh inda layin ya ƙare, sannan muka hauro arewa zuwa Rabat da Tanja, muka karkata gabas zuwa Miknas da Fas, daga can kuma muka koma Kasabalanka domin jirgin gida. Ta haka babu ranar da zama a jirgi ya cinye ta gaba ɗaya, kuma ziyarar Fas, wadda ita ce babban burin dattawan ayarin, ta zo a ƙarshe, lokacin da kowa ya saba da yanayin ƙasar.

Sun kuma bambance mana jiragen tun kafin mu tashi. Hukumar jiragen ƙasa ta Maroko, ONCF, tana da jirgi mai tsananin gudu da ake kira Al Boraq, wanda aka ƙaddamar a watan Nuwamban 2018, shi ne irinsa na farko a nahiyar Afirka. Tsakanin Tanja da Kenitra yana kai gudun kilomita 320 a sa'a, kuma ya mayar da tafiyar Tanja zuwa Kasabalanka sa'o'i 2 da 'yan mintoci, bayan da can tana haura sa'o'i 4. Hawa biyu ne, kowace kujera da lambarta, akwai taragon shayi da ɗan abin taɓawa. Sauran hanyoyin, wato na Marrakesh da Miknas da Fas, jiragen Al Atlas ne ke binsu, waɗanda yawancin taragunsu an yanka su ɗaki-ɗaki, kujeru 6 a aji na ɗaya, 8 a aji na biyu. Ofishin ya yanka mana aji na ɗaya a dogayen hanyoyi, na biyu a gajeru, kuma na ga hikimar haka, domin wurin miƙe ƙafa da wurin ajiye akwati su ne damuwar mai shekaru, ba ƙawar kujera ba. Tun da wuri suka sayi tikitocin ta intanet, lokacin da farashi bai tashi ba, suka turo wa kowa nasa ta WhatsApp, suka kuma buga a takarda saboda waɗanda ba su amince da cajin wayarsu ba.

Takardar jadawalin da suka ba mu ta rubuta cikakken sunan kowace tasha, kuma wannan ba ƙaramin taimako ba ne. Kasabalanka tana da Casa Voyageurs da Casa Port, Rabat tana da Rabat Ville da Rabat Agdal, Al Boraq kuwa a Casa Voyageurs da Rabat Agdal yake tsayawa. Baƙon da ya ce wa direban tasi ya kai shi tasha kawai, yana iya samun kansa a inda jirginsa ba ya bi. An kuma shawarce mu da mu sayi dala ko yuro a Wapa mu canza zuwa dirhami idan mun sauka, an tuna mana cewa ƙananan tasi na cikin gari ba sa ɗaukar fiye da mutum 3, saboda haka a riƙa rarraba ayari tun kafin a fito daga tasha. A lokacin tafiyarmu agogon Maroko daidai yake da na Najeriya in ban da watan azumi, lokacin da suke mayar da shi baya da sa'a ɗaya, abin da ya kamata mai shirin tafiya a Ramadan ya lura da shi a kan tikitinsa.

Inda aikin ya fara rauni shi ne rabon kwanaki. In ban da Miknas, an raba su daidai wa daida tsakanin biranen, tamkar nauyinsu ɗaya ne, alhali ba haka ba ne. A Kasabalanka, idan mutum ya ga Masallacin Hassan na Biyu da aka kammala a 1993, mai hasumiya ta mita 210 a bakin teku, ya ga mafi yawan abin da ya kawo shi. Tanja gari ne mai daɗin iska, mahaifar matafiyin nan Ibn Baɗuɗa da aka haifa a 1304, amma yini guda ya wadatar. Rabat ma haka: hasumiyar Hassan, wadda Sarki Yaƙubu al-Mansur ya fara ginawa aka dakata bayan rasuwarsa a 1199, tana fili ɗaya da hubbaren Sarki Muhammadu na Biyar, kuma taragon lantarki na cikin gari yana sauƙaƙa zirga-zirga. Lokacin da aka zuba wa waɗannan garuruwa, Marrakesh da Fas aka tauye.

A Marrakesh ɗan jagoran da aka haɗa mu da shi ya bi hanyar da ya saba bi da Turawa: hasumiyar Kutubiyya, dandalin Jami'ul Fana da masu wasa da macizai, sai shagunan darduma. Babu laifi a ganin waɗannan, amma Bakano yana da wata alaƙa da garin da ofishin Kano bai kamata ya manta da ita ba. A nan aka binne Alƙali Iyal, wanda ya rasu a 1149, mai littafin Ashafa da ake karantawa a zaurukanmu da azumi, a nan kuma kabarin Imam Jazuli mai Dala'ilu yake, dukansu cikin waliyyai bakwai da garin ya shahara da su. Nan ne kuma aka kawo malamin nan Ahmad Baba na Timbuktu a tsare bayan da rundunar Maroko ta ci daular Songhai a 1591. Babu ko ɗaya daga cikin wannan a jadawalin. Sai da kawu ya dubi ɗan jagoran ya ce masa da Larabci, "Ɗana, mu ba kallon maciji ya kawo mu ba, ka kai mu wurin Alƙali," sannan aka sauya hanya, kuma ya kai mu ba tare da musu ba.

Miknas, wadda Sarki Maulaya Isma'il ya mayar da ita babban birninsa a zamanin mulkinsa daga 1672 zuwa 1727, an tsara ta a matsayin zango na 'yan sa'o'i, kuma hakan ya yi, tunda tsakaninta da Fas bai kai sa'a ɗaya a jirgi ba. Matsalar ita ce sauyin jirgi a Kenitra, inda ofishin ya bar mana tazara ƙanƙanuwa tsakanin sauka daga Al Boraq da hawa na Miknas. Matashi mai jaka ɗaya ba zai damu ba, amma ayarin da ke da dattawa da manyan akwatuna sai da ya yi ta haki kafin ya cim ma taragonsa. Jirage suna bin wannan hanya akai-akai, saboda haka zaɓar na gaba ba zai rage komai ba.

Fas ce ta fi bayyana gibin. Tashar jirgin tana sabon gari, tsohon garin kuwa, wanda Idris na Ɗaya ya kafa a 789 kuma UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1981, mota ba ta shiga cikinsa. Tasi yana ajiye mutum a ɗaya daga cikin ƙofofin gari, daga nan sai ƙafa, sai alfadarai da masu turin amalanke, cikin lunguna irin na Kasuwar Kurmi, sai dai waɗannan suna kan gangare ne. Masaukin da aka kama mana tsohon gida ne mai kyau, da tsakar gida da maɓuɓɓugar ruwa da bango mai ado, kuma kusa yake da zawiya, amma ɗakin kawu yana hawa na uku, matakalar kuma ƙunci gare ta da tsayin taki. Na ga yadda yake dafa bango da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da bakin babbar riga, yana hutawa a kowace kwana. Mun sanar da ofishin ciwon gwiwarsa tun a Kano, kuma an rubuta. Mai gidan ne ya tausaya ya sauya masa ɗaki a ƙasa washegari.

Haka kuma an sanya zagayen kasuwa ranar Juma'a, ranar da yawancin shagunan tsohon garin suke rufe. Juma'a a Fas ta ziyara ce. Bayan la'asar zawiyar Shehu Tijjani, wanda ya rasu a garin a 1815, tana cika da masu zikiri daga Senegal da Mali da Nijar da Najeriya, har mutum ya riƙa jin Hausa a gefensa. Ba nisa daga nan akwai Masallacin Ƙarawiyyin da Faɗima al-Fihriyya ta gina a 859, kuma wanda ya yi karatun allo zai ji kansa a gida, domin mazhabar Malikiyya ce, ƙira'ar Warshu ce, har izu suke karantawa a tare bayan magariba da asuba. Majemar Shuwara, inda ake jeme fata a ramuka masu launi-launi, ta cancanci rabin yini ita kaɗai, musamman ga wanda ya san cewa wani kaso na fatar da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko ta jar akuyar ƙasar Hausa ce, wadda fatake ke ƙetara Sahara da ita. Mun gan ta a gurguje da safiyar tafiyarmu, akwatuna na jiran mu a bakin ƙofa.

Game da kuɗi, ofishin ya ware ladan aikinsa daban da kuɗin tikiti da masauki, ya kuma nuna rasit ɗin kowanne, abin da ba kowane ofishi ke yi ba. Sun taimaka wajen haɗa takardun biza, kuma ma'aikacinsu yana amsa saƙo ko da dare ne. Da muka dawo na kai musu ƙorafin masauki da na ranar Juma'a, manajan ya saurara, ya ce, "Alhaji, a yi mana afuwa, za mu gyara," sai dai a bayaninsa na fahimci cewa ta hotunan intanet suka zaɓi gidan.

Wanda ke jin Larabci ko Faransanci kuma ya saba sayen tikiti ta waya zai iya shirya wannan tafiya da kansa, tunda allunan tashoshi da waɗannan harsuna biyu aka rubuta su. Wanda zai tafi da iyaye ko iyali a karon farko kuwa, hidimar ta cancanci kuɗinta, da sharaɗin ya zauna da su kafin ya biya, ya sa a rage kwanakin Kasabalanka da Tanja a ƙara wa Fas da Marrakesh, a faɗaɗa tazarar Kenitra, a rubuta wuraren ziyara da sunayensu a cikin jadawali, sannan ya nemi a tabbatar masa a rubuce hawa na nawa ɗakinsa yake da kuma nisan masaukin daga inda mota ke tsayawa.